Gwaggo Mai Hantsaki

Gwaggona, yayar babanmu, ta yi shekara ashirin da uku tana aiki a tashar binciken amfanin gona da ke ƙarshen titinmu. Ba ta yi boko mai zurfi ba, da wankin tukwanen shuka ta fara. Wata rana Dokta, matar da ke riƙe da sashen tumatir, ta gan ta tana cire wa wani ma'aikaci ƙaya a yatsa da hantsaki, hannunta ko motsi. Washegari aka mayar da ita ɗakin gilashi inda ake renon shuka, kuma tun daga ranar sunanta ya koma Mai Hantsaki.

Aikinta aurar da fure. Kafin furen tumatir ya buɗe sai ta ɓare shi a hankali, ta cire ɓangaren namijin, ta ɗebo garin wani furen ta shafa masa, ta ɗaura zare mai launi. Takan ce, "Ni da aurena bai kai shekara biyu ba, ga ni kullum ina ɗaura aure ɗari biyu, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Na taɓa tambayarta me suke nema ne haka. Ta ce, "Ke dai 'yata, tumatir ɗin nan gadonsu ɗaya, kamar tagwaye. Amma in aka gasa wa wani zafi, sai wani abu ya kunnu a jikinsa, wani ya kwanta, alhali gadon bai canza ba. Wani sa'in 'ya'yansa su taso a haka. Su ne Dokta take farauta, don manoma su samu irin da rana ba ta kakkaɓe masa fure."

A cikin layukan tumatir ɗin da suke gwadawa, layi na sha huɗu ne ya nuna wannan halin. Shekara tara suna bin sa, daga uwa zuwa 'ya.

Ni na fara ganin ciwon hannunta. Muna shan shayi na ji cokalinta yana buga kofi, ƙas-ƙas-ƙas. Ta ce sanyi ne, alhali gumi muke yi. A wurin aiki ta ɓoye abin, tana tallafe hannun dama da na hagu, tana juya wa mutane baya. A wannan zangon fiye da rabin furen layi na sha huɗu ya zube. Dokta ta zargi fankar ɗakin, sau biyu tana kiran mai gyara.

Gwaggo da kanta ta shiga ofis, ta ajiye hantsakin a kan tebur, ta miƙa hannunta yana karkarwa.

"Dokta, ki bar mai gyaran nan ya huta. Ga injin da ya lalace."

Dokta ta riƙe hannun da nata biyu.

Gwaggo ta ƙara wata shida tana koya wa wasu mata biyu aikin da baki, sannan ta dawo gida. Likita ya ce ciwon ba ya warkewa, magani sai dai ya rage masa gudu. Ni nake ɓalla mata maɓalli, ni nake riƙe mata kofi. In na shiga kicin sai ta ɗaga murya, "Ki kawo gishirin in barbaɗa, yanzu ba wanda ya kai ni!"

Bayan shekara biyu Dokta ta zo, ta zauna a bakin gado. Ta ce layi na sha huɗu ya daina jure zafi, furensa yana zuba kamar na kowane tumatir. Za a rufe sashen, ita kuma an mayar da ita wata tashar.

Gwaggo ta ce, "Ɓarnar da na yi ce ko?"

"Wallahi a'a, Mai Hantsaki. Haka abin yake. Abin da ya kunnu yakan sake kwanciya."

"Irin shukar da aka adana a shekarun farko fa? Yana nan?"

"Yana nan cikin ambulan na takarda guda shida, a firji."

"To ki gaya wa wanda zai zauna, ƙofar firjin nan ba ta rufuwa sai an danna ta da gwiwa."

Dokta ta yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Gwaggo ce ma take ba ta haƙuri.

Da baƙuwar ta tafi, Gwaggo ta juya fuskarta bango, ranar ba ta ci komai ba. Daga nan wasa ya ragu a bakinta. Ina cikin taje mata kai ko sa mata takalmi sai ta ce, "'Yata, kina ganin gaskiya ta gaya mini? Ko dai tausayina ta ji?" Kullum nakan ce gaskiya ce, Gwaggo. Sai ta gyaɗa kai, bayan kwana biyu ta sake tambaya.

Wata huɗu ta yi a haka. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, ina gyara mata matashi.