Ɗan Kifin da Ya Biyo Kawu Azariah Gida

Shekara tara Kawu Azariah Pelley ya yi yana harbo wa kamfanin da ke da kwata a ƙauyenmu na bakin teku, Pinchers Cove, kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku mai shayarwa. Ƙanen mahaifiyata ne, gajere, mai faɗin ƙirji. Ƙarar igwar harba mashi ta toshe masa kunnen dama, sai ka zagaya hagu kafin ya ji ka. Matarsa, Inna Tryphena, takan ce da gangan yake juyo mata da na daman. A lokacin babu mai barkwanci kamarsa a ƙauyen. Ni kuwa ina aiki a kicin ɗin kwatar, ina dafa wa mafiɗa kifi mai gishiri da dankali, don haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

A watan Agusta na 1971 suka fita cikin hazo mai kauri. Kawu ya hango bayan wata ƙatuwa, ya sakar mata mashi, ya same ta. Sai da suka ɗaure ta a gefen jirgi suka juyo gida, hazo ya yaye, sannan suka ga wani ɗan ƙaramin huci, irin feshin numfashin wel, yana tashi a bayansu. Ashe da goyo take. Doka ta hana harbin mai shayarwa, kowa ya sani, amma bai ga ɗan ba.

Da aka jawo ta kan dandamali, wuƙa ta shiga, sai nono ya ɓalle, fari, mai kauri kamar kindirmo, ya bi katako ya gangara cikin ruwa. Mafiɗa suka tsaya cirko-cirko.

Ɗan bai tafi ba. Kwana uku yana zagaye a gaban kwata, yana zuwa yana goga kansa a jikin jirgin Kawu. Daga kicin ina jin numfashinsa. Mata suka daina shanya a wannan ɓangaren.

Ran kwana na uku manajan kwata ya kira Kawu a gaban mutane.

"Pelley, jibi sufeton gwamnati zai dawo. Kai ka jawo mana shi, kai za ka raba mu da shi."

"Ranka ya daɗe, jariri ne fa."

"Jaririn da ya ninka motata biyu? Ka san yadda za ka yi, ko a rufe kwata kowa ya san kai ne sanadi."

Kawu ya ɗauki bindigarsa ta farauta ya shiga kwalekwale, rana tsaka, gari duk yana kallo. Ya harba cikin ruwa sau biyu don ya tsorata shi. Ɗan ya ƙara matsowa. A na uku ya saita, harsashi ya yage gindin fiffiken bayansa. Ya nutse, ya ɓullo can bakin mashigi sau ɗaya, daga nan ba a sake ganinsa ba.

Shekara na zagayowa gwamnati ta hana sana'ar gaba ɗaya, aka rufe kwata. Kawu ya koma kamun kifi da ɗan jirginsa. Barkwanci ya ƙare. Inna ta faɗa min wani lokaci yana cikin cin abinci sai ya ajiye cokali, ya karkata kai.

"Kin ji? Wani abu na gogar ƙasan jirgi."

"Az, a gida kake. Kan dutse muke zaune."

Sai ya ce haka ne, ya ci gaba da ci.

A bazarar 1984 wata mai bincike kan kifin wel ta zo daga jami'a a St. John's, Dakta Noreen Halleran, doguwa, da kyamara a wuya, tana neman mai jirgin da zai riƙa fita da ita. Mazan da ke zaman kanti suka yi mata dariya. Ɗaya ya ce, "Je ki wurin Az. Ya san su ciki da waje. Musamman ciki."

Ta same shi yana gyaran raga.

"Kyaftin, an ce ka fi kowa sanin inda suke."

"An yi miki ƙarya. Me za ki yi da su?"

"Hoto kawai. Ina so in san nawa suka rage, su waye kuma ke dawowa."

"Su waye? Sunaye gare su?"

"Lamba dai. Kowanne da kamanninsa. Fiffiken baya muke dubawa, wani a lanƙwashe, wani da tabo. Tabon ba ya ɓacewa."

Kawu ya ajiye ragar. Sannan ya ce, "Gobe da safe. Ki zo da rigar kirki, wannan ta 'yan birni ba za ta yi miki komai ba."

Bazara goma sha ɗaya suka yi tare. Yakan kashe inji ya shaƙi iska, ya dubi inda tsuntsaye suka nufa, ya ce can. Noreen ta ce duk na'urorinta ba su kai hancinsa ba. Shi kuma yana tsokanarta da cewa ta yi karatun teku shekara goma amma har yanzu tana amai a cikinsa. Muka ɗauka ya warke. Amma duk kaka idan ta aiko da hotuna, sai ya baje su a teburin kicin, ya ɗauki gilashin ƙara girma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har shayinsa ya huce.

A shekara ta uku ya faɗa mata labarin ɗan kifin, suna tsakiyar ruwa. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta saurare shi har ya gama, sannan ya tambaye ta ko ɗan zai rayu.

Ta ce, "Wajen wata shida zuwa bakwai ake yaye su. Agusta, yana kan gaɓa ke nan. In ya riga ya fara ci da kansa, zai iya. In bai fara ba, 'yan makonni ne."

"To wanne ne?"

"Ban sani ba, Kyaftin."

Inna ba ta taɓa yafe mata wannan amsar ba. Ta ce da can makoki yake yi, yanzu kuwa an mayar da shi mai jira.

A kakar 1993 Noreen ta tuƙo mota awa shida ta zo da kanta, ba ta aiko ba. Ina gidan a ranar. Wani abokin aikinta ya ɗauki hoto a can kudu: wel mace babba, da ɗanta a gefe, fiffikenta a yage. Ta ajiye hoton a gabansa.

Kawu ya ɗora gilashi a kai. Ya juya hoton, ya kai shi taga, ya dawo.

"Ba shi ba ne."

"Duba da kyau. Shekarun za su iya yin daidai."

"Tabon nawa a gindi yake. Wannan ya yi sama."

"Shekara ashirin da biyu fa. Fiffike na girma, tabo na iya matsawa."

"Kin tabbata?"

Ta girgiza kai.

"To kar ki yi min alheri da abin da ba ki tabbatar ba, 'yar nan."

Inna ta dangwarar da buta a kan murhu. "Ka ce shi ne mana, bawan Allah! Wa zai kama ka?"

"Ni," in ji Kawu. Ya tura wa Noreen hotonta, ya ce a zuba mata miya, ta sha hanya.

Bayan shekara biyu idonsa ya yi rauni, ya sayar da jirgin. Inna ta rasu a 1998, na ɗauko shi ya dawo wurina. A hankali tunaninsa ya fara zubewa. Ya manta sunan titinmu, ya manta kwata, wata rana har Inna ya manta. Amma kusan kullum da hantsi sai ya kama hannuna.

"An ba shi abinci?"

Da farko nakan ce, "Wa?" Daga baya na koyi cewa, "An ba shi, Kawu. Ya ƙoshi." Sai ya saki hannuna. Washegari ya sake tambaya.

Ya rasu a watan Maris na 2003, yana da shekara saba'in da tara. Ƙasa ta daskare da sanyi, sai da aka kawo injin haƙa. Noreen ta zo jana'iza, kanta ya yi fari. Ta faɗa wa mutanen coci cewa wel ɗari biyu da goma sha huɗu ta rubuta daga cikin jirginsa, kuma sunansa na kan kowace takarda da ta wallafa. Mazan kanti, waɗanda suka rage, suka sunkuyar da kai.

Da aka watse na raka ta mota. Na ce, "Dakta, tsakaninki da Allah, wancan hoton. Shi ne?"

Ta daɗe tana neman makulli a aljihu.

"Na nuna wa mutum biyar da suka fi ni sani. Uku sun ce igiya ce ta yanke shi. Biyu sun ce zai iya zama harsashi." Ta buɗe ƙofa. "Ba a sake ganin macen ba tun daga wannan shekarar. Ina dai tambaya."

Ta ce za ta kira ni in ta isa. Na tsaya har motar ta haye tudu, sannan na koma ciki, don akwai baƙin da ba su sha shayi ba.