Ƙanƙarar Cheras

In kun ga dama ku yarda, in ba ku ga dama ba ku bar mini kayana, amma ni Bulus na taɓa tayar da mara lafiya da biskit. Ba allura, ba ƙarin ruwa. Biskit ɗin nan baƙi mai farin kirim a tsakiya, wanda kuke gani jibge a bayan kantar shago. Ranar nan ta ƙi fita daga raina, kuma ku sababbin zuwa shagon nan gara ku ji labarin daga bakina, kafin wani ya ba ku shi ya rage masa gishiri.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda wanda bai taɓa riƙe blanda ba, wato injin markaɗe. Kafin in zo wannan shago na unguwar Bukit Jalil a nan ƙasar Malay, na yi aiki a mashayar wani otal a cikin gari. A can na koyi haɗin. Baƙin otal suna shansa bayan cin abinci a madadin kayan zaƙi. A farfasa biskit, a zuba madara da kirim da ɗan cakulan da ƙanƙara, a tsiyaya giya iri biyu, a markaɗe. Da na dawo nan, madam ɗinmu 'yar Malay ce kuma Musulma, ta ce ko warin giya ba ta yarda ya gifta ta ƙofarta ba. Sai muka cire giyar, muka sa gahawa mai kauri a gurbinta. Wallahi ya ma fi na otal, don wanda ya sha namu yana gane hanyar gidansa.

Dokar madam guda ɗaya ce, kun riga kun sha ta a kunne: ba gudaji. Ka markaɗa, ka tace, ka sake markaɗawa, har sai ya yi sumul kamar kan jariri. Ka shafa cakulan a bakin tambulan, ka dangwala shi a garin biskit, ka zuba, ka ɗora kirim a sama kamar rawani. In madam ta ga gudaji ɗaya, kallon da za ta yi maka sai ya narkar da ƙanƙarar da ke hannunka.

To, bara, lokacin bikin yaye ɗalibai, sai ga waya daga Buba. Buba mutumin bayan Gombe ne, ya zo karatun digiri na uku da kuɗin gwamnati, kuma a teburin can na lungu ya rubuta rabin aikinsa da kofin shayi guda. Tun bai gama ba nake kiransa Dakta, don in ƙarfafa masa gwiwa ya riƙa sayen wani abu. Ya gama lafiya, ya ɗauko mahaifiyarsa daga gida don ta ga ranar da za a sa masa hula. Matarsa ba ta zo ba, jego take yi.

Muryarsa a waya ba ta mai biki ba ce. Ya ce tun da Inna ta sauka ba ta cin abinci. Ya kawo shinkafar mamak, gidan abincin Indiyawan nan, ta ƙi. Ya je har unguwar Masjid India ya yi tapau, wato ya ƙunso shinkafar biryani, ta ƙi. Ya nemo wata 'yar Kano a unguwar Cheras ta tuƙa tuwo da miyar kuka, Inna ta kalli kwanon ta ce an gode. Ga ta da maganin hawan jini da ba a sha da wofin ciki. Ya kai ta asibiti, likita ya ce in ta ci gaba a haka kwantar da ita za a yi, batun zaman ɗakin taro kuma a manta da shi. Biki saura kaɗan.

"Oga Bulus," in ji shi, "ta fi son abu mai ruwa-ruwa, irin fura. Nan kuwa ina zan samo gero? Ko za ka zo ka gwada mata haɗin nan naka?"

Na ce, "Dakta, an gama."

Ya ce, "Amma don Allah ba na otal ba."

"Haba Dakta. In na ba Inna na otal, ai sai ta karɓe hular ta hau mumbari da kanta."

Bai yi dariya ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai.

Na roƙi madam aron ƙaramar blanda da rabin yini. Ta ce, "Boleh lah," wato ta yarda, "amma ka dawo mini da ita da murfinta." Na kwashi kayana na nufi kondo ɗin Dakta, dogon benen da yake haya.

Ku da kuka san gidajen ɗalibai a nan, kun san abin da ake kira gida. Ɗaki ɗaya ne, a can sama inda ko tsuntsu sai ya huta sau biyu kafin ya kai. Gado nan, firij nan, murhu nan, duk a wuri ɗaya. In ka yi atishawa a kicin, na kan gado ne zai goge fuska. Inna tana zaune a kan darduma kusa da taga, 'yar siririyar tsohuwa fara, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi garinmu. Na ce Kaduna. Ta ce, "Kai ma nan aka jefo ka, ɗan nan?"

Na ɗaura aiki. Ban taɓa yin haɗi da natsuwa irin ta ranar ba. Na cire gahawar saboda hawan jini, na rage cakulan, na markaɗa, na tace, na yi wa tambulan kwalliya kamar za a kai wa minista. Dakta ya karɓa da hannu biyu, ya je gabanta ya durƙusa, ya tsura mata ido.

"Inna, ki ɗan kurɓa. Ko kaɗan ne."

Ta juya fuska wajen taga. "A ce wa masu gida na ƙoshi."

Ni ta gaya wa, alhali ga shi a gabanta, gwiwarsa har tana taɓa dardumar. Ya matsa kusa, ya ƙara roƙo. Ta ƙara juyawa, har na ji tsoron wuyanta. Amma ni daga inda nake tsaye na ga abin da shi bai gani ba. Na ga maƙogwaronta ya motsa. Wanda ya ƙoshi ba ya haɗiyar yawu.

Sai na tuna wata maƙwabciyarmu a Kaduna, Bafulatana mai tallar nono. Matar nan za ta yi hira da kowa, ta ci abinci da kowa, amma da ɗanta na fari ya shigo tsakar gida sai ta rufe kwano ta kama shara. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Muna yara muna cewa ba ta sonsa, mamata ta ce mu rufe baki, kunyar ɗan fari ce.

Na tambayi Dakta a hankali, "Kai ne babba a wajen Inna?"

Ya ce, "Ni ne na fari."

Na buɗe firij, na ɗauko ƙanƙararsa, na shinshina, na ɓata fuska kamar na ga mushe. Na ce, "Ga matsalar. Wannan ƙanƙarar warin kifi take yi. Inna ta ji shi tun daga can."

"To in sauka ƙasa in sayo wata?"

"Ta ƙasa? Dakta, kana son aikin nan ya yi ko ba ka so? Akwai wani kedai, ɗan shago, a Cheras, bayan kasuwa, shi kaɗai ke da ƙanƙarar da ake wannan haɗin da ita."

Jama'a, mutumin da ya rubuta littafi mai kaurin bulo a kan sinadarai ya sa takalmi ya kira mota ya tafi Cheras neman daskararren ruwa. Damuwa ba ta bar masa wurin tunani ba. Na bar ƙofa a buɗe, na koma gefe ina wanke blanda.

Ƙarar lif tana ɓacewa Inna ta ce, "Ya tafi?"

"Ya tafi, Inna."

"Miƙo."

Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta dube ni. "Wa ya tauna mini wannan?"

Na ce inji ne.

"To injin ya sha abinsa. Akwai kindirmo a gidan nan?"

Akwai yogot marar sukari a firij, cikin tarin abubuwan da Dakta ya saya aka ƙi. Ta ce in kawo kwano da ludayi da sauran biskit. Ta kankare farin kirim ɗin tsakiya ta ajiye gefe, ta ce wannan na yara ne. Ta farfasa baƙin a cikin kwano, ta zuba yogot, ta shiga damawa da bayan ludayi, tana juya kwanon a kan cinya kamar ƙwarya. Gudaji kuwa, da madam ta gani da sai an yi mata fifita. Inna ta sha ludayi ɗaya, biyu, ta ci gaba har na ji ludayi yana kartar gindin kwano. Sannan ta ce, "Tuwon nan na jiya, an zubar?" Ba a zubar ba. Na ɗumama, ta cinye, ta sha maganinta.

Da ta wanke hannu sai na ce, "Inna, me ya sa ba ki gaya masa ba?"

Ta ce, "Da wane bakin?"

Tana jan carbi ta ci gaba, ba ni take kallo ba, taga take kallo. Ta ce tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, haka ake yi a wajensu. Tun daga nan bai sake kwana ɗaki ɗaya da ita ba sai a ƙasar nan. A gida akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ɗakinta, in ya zo gaisuwa ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tafi, ta ci abincinta. Nan kuwa ko ta juya gabas shi ne, ko ta juya yamma shi ne. Da farko in ya fita masallaci takan ɗan ci dabino da burodi. Da ya ga tana ramewa sai ya daina fita, ya dawo yana salla a ɗaki, ya zauna yana gadinta.

"Yaron kirki ne," in ji ta. "Kirkin nasa ne zai kashe ni."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Duk tsawon rayuwarsa da gefen ido nake kallonsa. Na san tafiyarsa, na san tarinsa. Jirgin nan da na hau, ba don hula na hau ba. So nake in zauna cikin taro, inda ba wanda zai lura, in kalle shi da ido biyu."

Na ci gaba da goge blandar da ta riga ta bushe.

Dakta ya dawo yana gumi, da ledar ƙanƙara rabi ta zama ruwa. Na tare shi a bakin lif kafin ya shiga. Na ce Inna ta ci, ta sha magani. Ya kama hannuna kamar zai karya, ya ce in rubuta masa yadda ake haɗin.

Na ce, "Ba sai an rubuta ba. Ka ajiye abinci, ka sa takalmi, ka fita. Ka je masallaci, ka zagaya, ka sha shayi a mamak. In ka dawo kar ka tambayi kwano."

Ya tsaya yana kallona, ruwan leda yana ɗiga a kan takalminsa. Can ya jingina da bango. Ya ce ya san ba ta kiran sunansa, ya san ba ta zama inda yake, tun yana yaro ya sani. "Na ɗauka wannan duk a gida muka baro shi. Na ga mu biyu ne kawai a nan, ba mai ganinmu."

Na ce, "Ita tana ganin kanta, Dakta."

Tun daga ranar shagon nan ya samu kwastoma safe da rana da yamma. Ya zo ya zauna a teburinsa na lungu, ya duba agogo, ya koma. Har ya fara sayen kek.

Abin da nake so ku ɗauka a nan, ku sababbi, shi ne wannan. Mu a sana'ar nan idonmu yana kan tambulan: kauri ya yi, sanyi ya yi, kwalliya ta zauna. In mutum ya ture abin da muka ba shi, sai mu koma mu ƙara sukari. Wani lokacin ba abin da ke cikin tambulan ne ya hana shi sha ba, wanda ke tsaye a kansa ne. Kafin ka taɓa blanda, ɗaga kai ka dubi ɗakin. Kuma dokar gudaji tana nan daram, kar wani ya je ya ce wa madam Bulus ya soke ta.

Ranar biki Inna ta je da ƙafarta, cikin farin mayafi. Wata 'yar Jos da ta zauna kusa da ita ta ce mini tun da aka kira layinsu Dakta tsohuwar ba ta ƙifta ido ba, sai da ya sauko. Amma da aka fito ɗaukar hoto, ta tsaya a can ƙarshen layi tana kallon wata bishiya.

Ni kuwa na samu taron 'yan Najeriya a wajen, na buɗe baki. Na ce haɗina ne ya tayar da ita. Na ce likitoci sun sallama, ni na shiga da blanda. Na ce kurɓa ɗaya ta yi ta nemi a kawo mata tuwo, ta biyu ta ce ina filin tsere. Ban san tana bayana ba, sai da na ji an taɓa ni da carbi.

"Ɗan nan, rage ƙarya, rana ta yi zafi. Abin naka ba tsami ba gardi, kamar an jiƙa kwali a madara. Abu ɗaya ka iya a duniya, aiken ƙanƙara."