Inna Tabita, Mai Kiran Sunayen Maƙwabta

Kafin ladanin Tungar Giginya ya kira asuba, Inna Tabita ta riga ta farka. Ba ta kunna fitila, ta ce idon da bai gani sosai da rana ba shi da abin yi da fitila da duku-duku. Takan lalubi butarta, ta wanke fuska, ta ja tsohuwar tabarma zuwa gindin zanan da ya raba gidanta da na maƙwabciyarta Kubura, ta durƙusa. A lokacin nan tururi yana kwance a kan kogin Kwara, fari fat, har ba ka sanin inda ruwa ya tsaya da inda sama ta fara. Sai dai ka ji filafilin wani masunci yana taɓa ruwa can nesa, da carar zakaran da ba a san ko na Najeriya ne ko na Benin ba. A cikin wannan shirun take fara kiran sunaye.

Gida gida take bi, daga na bakin rijiya har na ƙarshe a kan hanyar Illo. Kowane suna da abin da ke damun mai shi: wannan tari, wancan ɗansa ya tafi cirani shiru, waccan haihuwa ta ƙi zuwa. Sai rana ta ɗaga ta miƙe, ta hura wuta a ƙarƙashin tukunyar da take turara wa mutane shinkafa, sana'ar da ta ci da ita tun tana da ƙarfi.

Ni aikin koyarwa ya kawo ni firamaren tungar nan, ɗakin da na kama yana jingine da nata. Safiyar farko da na ji sunana a bakinta, zumbur na tashi na ce, "Na'am, Inna!" Ashe ba ni take kira ba, da Allah take magana a kaina. Lahadin da ta wuce ta sauka daga shugabancin zumuntar matan coci saboda tsufa. Ba a ɗauki hoto ba, ba a yanka ko kaza ba, waƙa ɗaya aka yi aka watse. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Daga ƙasar Zuru suka zo, ita da mijinta Malam Barnaba mai bishara, tana da goyo a baya. An turo su ne saboda 'yan tsirarun Kiristoci masu ƙwadagon shinkafa da ba su da mai tara su ran Lahadi. Maigari ya karɓe su hannu biyu, ƙanensa Malami, mijin Kubura, wanda filayen gidansu ke hannunsa, ya ba su aron wurin zama da gona. To, aron ƙasa a nan yana da ƙa'ida. Duk kaka sai ka kai damin gero ƙofar mai ƙasa. In aka shigar da shi rumbu, kana da baɗi. In ka wayi gari ka ga daminka a ƙofarka, magana ta ƙare, ka kwashe kayanka kafin ruwa ya sauka. Kuma a ƙasar aro ba a dasa itace, ba a ginin siminti, ba a binne mamaci.

Da farko lafiya lau. Sai Malam Barnaba ya fara wa'azi ran kasuwa, wasu samarin garin suka fara leƙa rumfar ciyawar da ake sujada a ciki. Nan fuskoki suka sauya. Gaisuwa ta gajarce, ya kira gayyar noma babu wanda ya fito da fartanya. Amma abin da ya fi tayar da hankalin gari ba wa'azin ba ne, Inna Tabita ce.

Kun ga, ita da Dakarci take addu'arta, yaren da ta sha a nono, kuma da ƙarfi, kamar yadda ta ga uwarta tana yi. Maƙwabta ba su jin ko kalma ɗaya sai sunayensu. Yare, yare, sai "Malami." Yare, yare, sai "Kubura," sai "Asama'u." Don Allah ku faɗa mini, a ƙasar nan wa zai ji baƙuwa tana kiran sunansa da asuba cikin harshen da bai sani ba, ya koma barci? Kowa ya ce kiranye ne, ko jifa. Ana cikin haka idon Malami na hagu ya kama ciwo. Kakar waccan shekarar, damin ya kwana a ƙofar Malami, gari ya waye yana ƙofar Malam Barnaba.

Malam Barnaba mutumin kirki ne, amma akwai zafi. Ya ɗauko kekensa zai tafi Bagudo ya kai ƙara, ya kuma kira manyan ikkilisiya su zo a yi ta ta ƙare. Inna ta riƙe sirdin keken.

"Malam, in ka kai ƙara ka ci, da wa za mu gaisa da safe?"

"To mu zauna a kore mu kamar awaki?"

"Ba ni wannan ranin. Bari in kai ƙarar inda na saba kaiwa."

Ita har lokacin ba ta san laifinta ba. Kubura ce ta faɗa mata, kuma wanda ya san Kubura ya san ba ta iya raɗa ba. Ta faɗo gidan ko sallama babu, ludayi a hannu.

"Ke matar Malam, mi munka yi miki? Ni dai ki kira ni, na tsufa da wuya. Amma ɗiyata Asama'u, yarinya da ciki, tana can cikin Benin gidan mijinta, mi ta ci miki da kullum sunanta na bakinki?"

Inna ta zauna daɓas a kan turmi. "Wayyo Allah! Ashe abin da kuke ji ke nan?" Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta ce alheri take roƙa musu. Kubura ta taɓe baki ta ce maye bai taɓa cewa shi maye ne ba, ta fice.

Washegari Inna ta ɗauke tabarmarta daga cikin ɗaki ta kawo ta gindin zana, ta buɗe baki da Hausa. Hausar tata a lokacin duk a karye take, ta mace ta zama ta namiji, ta namiji ta zama ta mace. Kada ku ɗauka ƙaramin abu ta yi. Wanda ya saba kuka a gaban Ubangijinsa da yaren uwarsa ya san daɗin da ta bari. Na taɓa tambayarta ko bai dame ta ba, ta ce, "Malama, Allah yana jin Dakarci. Maƙwabtana ne ba su ji."

Sauran labarin daga bakin Kubura na ji shi, tana tsinke zogale tana dariya. Ta ce kullum in ta idar da sallar asuba sai ta laɓe a bayan zanan, tana jira ta kama ta. Raɓa na jiƙa mata zane, balbelu na wucewa ta kan fadama, muryar na ratso zana a hankali.

"Ya Uba, ga Asama'u can. Ciki ya sha zube mata, wannan ka riƙe shi da hannunka. Ga idon Malami, ka sauƙaƙa masa zafin. Ga Kubura tana jin haushina, kada ka ga laifinta, tsoro take ji saboda ɗiyarta. Ka ba ta barci mai daɗi. A cikin sunan Yesu."

Kubura ta ce, "Wallahi Malama, jira nike in ji ta ce Allah ya isa. Ko ta ce Allah shi karya wanda ya mayar musu da dami. Rani ya ƙare kaf ban ji ba. Ko gonar ba ta taɓa ambata ba. Ran nan na tsinci kaina na ce amin, na toshe bakina da gyale."

Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba. Idon Malami bai warke ba, har yau da ɗaya yake gani. Asama'u kuwa ta sauka lafiya, ɗa namiji. Abin da Kubura ta faɗa wa mijinta a ɗaka babu wanda ya sani. Sai dai da hadarin farko ya fara haɗuwa ta gabas, Malami ya zo wucewa ta ƙofar Malam Barnaba, bai ko dube shi ba ya ce, "Malam, ba ka share gona ba? Ruwa na tafe. Ku ƙara shekara."

Ku ƙara shekara. Haka ya riƙa faɗa duk kaka, bai ƙara ko kalma ba, har goyon da Inna ta zo da shi ya yi aure ya haifi nasa. Zanen aro ba ya rufe katara, kowa ya sani. Duk shekara sai a sake ciyawar rumfar sujada, duk kaka sai gaban Malam Barnaba ya faɗi har ya ga an shigar da damin rumbu. Ita kuwa tana gindin zananta.

Ke ce, Inna, wadda ba ta taɓa hawa mumbari ba, ba ta taɓa ja da kowa a kan addini ba. Ke ce kika san tarin kowane jariri a tungar nan tun kafin a kai shi asibiti. Mai gwiwar raƙumi, uwar marasa barci! Mijinki da bakinsa ya faɗa, shi yake wa'azi amma ke kike buɗe ƙofa. Waɗanda suka cika rumfar nan yau, masunta da manoma, da masu tsallako iyaka ran Lahadi a kan babur, yawancinsu addu'a suka fara zuwa nema wurinki wata safiya da duniya ta yi musu zafi. Waɗanda ba su shigo ba kuma ba ki rage musu komai ba. Kubura tana kan sallarta, Malami ya je Makka ya dawo. Da Sallah tuwo ya ƙetaro zana, da Kirsimeti shinkafa ta koma. Ni da kunnena na ji Kubura ta ɗaga murya da asuba tana cewa, "Tabita, ki sa da jikana Abu, yau zai kama hanyar Legas da albasa!"

Bara da damina, gero ya fara fitar da kai, Malam Barnaba ya tafi gona da safe aka dawo da shi a kan amalanke, babu rai. Ina wurin. Kuka dai an yi shi, amma ƙarƙashin kukan akwai wata magana da kowa ya sani babu mai iya furtawa. Ba a binne mamaci a ƙasar aro. Kuma da sunansa aka ba da aron. In gawa ta tafi Zuru, Inna ta tafi, rumfa ta tashi, duk abin da aka yi shekara da shekaru ya bi ruwa. 'Ya'yanta suka bugo waya suka ce sun samo mota.

Wasu dattawan ikkilisiya suka ce ta je ta durƙusa wa Malami. Ta girgiza kai ta ce ba za ta sa tsoho a tsaka mai wuya a gaban danginsa ba. Ta ce a ba ta wuri kawai. Ta ja tabarmar zuwa gindin zana, da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Na ji tana gode wa Allah saboda geron da suka ci a ƙasar nan, da ruwan da suka sha. Na ji ta ce, "Ga Malami, ya riƙe mu da amana. In mun tafi kada kowa ya zarge shi." Daga nan ta naɗe tabarmarta ta koma ciki.

Motar ta iso bayan azahar. Ana shimfiɗa tabarma a bayanta sai ga Malami yana dogara sanda, bayansa mazan gidansa riƙe da diga da shebur, har da ɗan Asama'u, wanda yanzu magidanci ne da gemunsa. Tsohon bai shiga ba, ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya yi ta'aziyya yadda ake yi.

"Matar Malam, ina za a kai shi?"

"Zuru, Alhaji."

"Mutumin da ya ci geron ƙasag ga har ya yi furfura?"

Bai jira amsa ba. Ya juya ya nufi gonar, muka bi shi kamar a mafarki, gero yana kaɗawa ya fi tsawonmu, iskar ruwa tana tasowa daga Kwara. A gefen gabas ya tsaya ya kafa sandarsa a ƙasa ya ce, "Ku haƙa nan."

Wani ɗan ƙanensa ya matso ya ce a hankali, "Baba, ka san abin da wanga ke nufi?"

"Na san shi tun ba a haife ka ba. Ba a aron ƙasar da mutum ya kwanta a ciki. Kada wanda ya sake kawo mini dami." Sai ya taka gefe kaɗan, ya ja layi da bakin sandar. "Nan kuma ku bar shi. Na matar Malam ne."

Musulmi suka haƙa, suka koma gefe suka tsaya, Kiristoci suka yi waƙa suka sa shi. Direba ya koma Zuru da mota wayam.

Mun gode, Inna. Mun gode da gwiwoyin nan da suka yi kanta, da yaren uwarki da kika haƙura da shi saboda kwanciyar hankalin maƙwabta. Ku kuma 'yan'uwana masu ɗokin bishara, musamman matasanmu masu son lasifika da gardama, kafin ku ce wane ya tsaya muku a hanya, ku fara sanin abin da ke hana shi barci, ku kai shi gaban Allah da muryar da ba za ku ji kunya ba in shi ma ya ji.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ja kwana. Filin nan da aka bar miki a gefen Malam naki ne, babu mai karɓewa. Don Allah, Inna, kada ki yi gaggawar zuwa.