Lemon da ke cikin gwangwani

Iyakar Nijar ba baƙuwata ba ce. Da ƙuruciya na sha ƙetare ta da jarkokin manja a kan jaki, ina yi wa 'yan duwan, wato kwastam na can, rantsuwar da Allah kaɗai zai yafe mini. Amma ranar da 'yan bindiga sunka kore mu daga Gatawa, da munka iso busasshen rafin da ya raba ƙasashen biyu, sai ƙafata ta ƙi. Tsohuwata, uwar 'ya'yana, ita ce ta tura ni daga baya.

Kowa ya ɗauko abin kirki, wani tabarma, wani buhun gero. Ita kuwa ta rungumo gwangwanin tumatir da dashen lemon tsami a ciki, daga iccen da ke bakin rijiyarmu.

Na ce, "Mutane na gudu da abinci, ke kin ɗauko mai shan ruwa."

Ta ce, "Malam, shekara nawa nake ɗauke da kai? Kai mi kake tsinanawa?"

Malam take ce mini, ni da ko izu guda ban kai ba.

Wani Alhaji da munka daɗe muna ciniki ya sauke mu a ƙauyensu, ta wajen Maradi. Ya ara mana fili, munka kafa bukka, munka shuka gero. Na koyi cewa "mushe", yallaɓai ke nan da Faransanci, ga jandarma, har da sara masa. Lemon kuwa yana gwangwani. Kullum na ce ta dasa shi, sai ta ce, "A ƙasar mutane? Bayan damina za mu koma, bakin rijiya za shi."

Daminar ta wuce, wata ta bi bayanta. Da ya matsu sai ta maida shi tsohon bokiti. Ruwan alwalarta ma a kansa take zubarwa.

Zazzaɓi ya ɗauke ta ana cikin girbi. Hanyar gida ba ta biyuwa, nan anka rufe ta. Bayan addu'ar bakwai na dubi bokitin, ganye ya fara rawaya. Na haƙa rami bayan bukka, na dasa.

Da hantsi sai ga Alhaji. Ya zauna, ya sake yi mini gaisuwa, ya yi ta murza hularsa.

"Ɗan Najeriya, ka san ƙa'ida."

Na sani. Can gida ma haka take: wanda anka ara wa fili gero yake shukawa, ba ya dasa icce, don icce na nufin wurin ya zama nasa. Ni kaina na taɓa sa wani baƙo ya tuge mangwaro a gonar ubana, har ina ɗaga murya.

Na ce, "Alhaji, ɗan lemo ne. Akuya ma ba ta ƙoshi da shi."

Ya ce, "Wallahi da ni kaɗai ne, ka dasa goma. Filin gado ne, ƙannena na kallo."

Na durƙusa na tone shi da hannu don kada saiwa ta katse. Alhaji ya juya baya. Da ya kai bakin danga ya ce, "Maƙabarta dai ba gadon kowa ba ce."

Can na kai shi, gefen kabarinta, na kewaye shi da ƙaya.

Bara wasu daga cikin mutanenmu sunka fara komawa. Ɗana ya kira daga Sabon Birni, ya ce ya samar mini ɗaki. Na ce za ni, a bari ruwa ya sauka. Ruwa ya sauka, na ce a bari a yi girbi. Yanzu ya daina tambaya.

Kowace safiya ina ɗaukar butarta in tafi maƙabarta. Bana lemon ya yi fure. Na tsaya na gaya mata ba bakin rijiya ba ne, ta yi haƙuri.