Ɗakunan da Yaya Rifkatu Ta Buɗe a Bayan Tashar Jirgi

Shekara tara ke nan, a irin wannan wata, da muka ɗauki yayata Rifkatu daga Kafanchan muka kai ta ƙauyenmu muka binne. Ita ta goye ni ina jariri, ita ta fara kai ni makaranta, ga shi yau na wuce shekarun da ta yi a duniya. Duk da haka, idan na tuna ta, ƙani nake komawa, sai in ji kamar za ta ƙwala mini kira daga bakin zaure ta aike ni.

Gwauruwa ce. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu ya bar mata gida mai fili a bayan tasha da ɗa guda, Ishaku, shi ya sa gari ya san ta da Maman Ishaku. Citta take saye a wajen manoma, ta yanka, ta shanya, ta sayar wa manyan 'yan kasuwa masu lodi daga Kachia. Ba ta iya raɗa ba, muryarta ɗaya ce a kasuwa da cikin coci. Hausarta kuwa irin tamu ce ta nan, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya zo, ya tafi" ne a bakinta.

Abin ya faro ne a wata damina, bayan ɗaya daga cikin tashe-tashen hankulan da suka riƙa cin ƙauyukanmu. Mutane suka kwararo gari, makarantun firamare da coci-coci suka karɓe su. Da aka koma karatu, mai ɗan'uwa ya tafi wurin ɗan'uwansa, wanda ba shi da kowa ya gangara tsohuwar tashar jirgi. Can suka tarar da wasu da suka riga su, irin su Baba Audu, tsohon lebura da ya daɗe yana kwana a cikin wani mataccen tarago. Ta wurin Yaya take bi kullum za ta kasuwa. Wata safiya ta ga wata mata, Hannatu, tana matse rigunan 'ya'yanta uku tana shanyawa a kan layin dogo, yaran suna tsaye tsirara suna rawar sanyi. Ranar ba ta je kasuwa ba. Ta tasa su a gaba har gida, ta kwashe buhunan da ke ɗakin Ishaku, ta ce su shiga.

Gidanta bai daɗe ba ya cika. Sai ta nufi wurin Alhaji Sani, wanda take sayar wa citta tun zamanin mahaifinsa, ta sa na kai ta a babur. Yana da babban sito da ba a zuba komai a ciki sai da kaka.

"Alhaji," ta ce, "ɓeraye suna kwana a sitonka cikin rufi, 'yan Adam suna kwana a ruwa. Ka ba ni makulli."

"Maman Ishaku, to idan kaka ta yi, ina zan zuba kayana?"

"Kafin kaka Allah yana nan, ni ma ina nan. Zan ba ka sitonka a share."

Ya ciro makullin, ya ƙara da tabarmi da buhun masara.

Daga nan aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ta tashi a taron zumuntar mata ta ce kowace ta kawo mudu guda na abin da take da shi. Matan layin masu kayan miya suka ji, suka shigo, Musulmi da Kirista. Mahauta suka riƙa aiko da ƙashi. Ran Asabar akan ɗora babbar tukunya ta gwate da yakuwa da gauta, a ci, a kai wa waɗanda har lokacin suke tasha. Ni malamin makaranta ne, amma a wannan damina aikina ɗaukar itace ne da bargo a bayan babur.

Ranar da na fi tunawa ita ce ranar da ta kawo Halima. Bafulatana ce yarinya, da jariri a baya, an ƙone rugarsu a cikin wannan rikici, ba ta san inda mijinta yake ba. Yaya ta tsince ta a tashar mota da tsakar rana, ta riƙo hannunta har sito. Matan da ke ciki kuwa kowace ta baro toka a ƙauyenta, wasu sun baro kaburbura. Hannatu, wadda aka kashe mijinta a gona, a lokacin ita ma ta koma sito, ita ta tare ƙofa.

"Mama, kin san abin da ya kawo mu nan. Idan wannan ta shiga, mu za mu fita."

"Hannatu, 'yata, dubi bayansa," in ji Yaya, tana nuna jaririn. "Wannan ne ya riƙe ashana?"

Ba wadda ta matsa. Yaya ba ta yi wa'azi ba, ko da yake ta iya. Ta ce, "To, ba zan kore ku ba, ba zan kore shi ba. Mu za mu koma tasha." Ta naɗe tabarma, ta kama hannun Halima, suka je suka zauna a barandar tashar jirgi, a idon kowa. Na bi ta ina roƙonta ta kai yarinyar gidana. Ta ce a'a, idan aka ɓoye ta yau, gobe ma sai an ɓoye wata. Hadari yana haɗuwa, gari ya fara magana. Wani dattijon ikilisiya ya zo ya ce tana tsokano abin da zai fi ƙarfinta. Ta gaishe shi da ladabi, ta ci gaba da zama.

Da la'asar sai ga Hannatu da kwanon gwate a hannu. Ta ajiye a gaban Halima ba tare da ta kalle ta ba, ta ce wa Yaya, "Ruwa zai sauko. Ku taso." Ba zan ce komai ya gyaru a ranar ba. Iyali biyu sun kwashe kayansu sun bar siton, kuma ɗaya daga cikinsu bai sake gaida Yaya ba har ta rasu. Hannatu ta yi watanni ba ta ce wa Halima uffan ba. Amma rufi ɗaya suka kwana a ƙarƙashinsa, kuma lokacin da jaririn ya kamu da zazzaɓi, Hannatu ce ta goya shi zuwa asibiti.

Alkawarin da aka yi wa Alhaji ma an cika shi. Da ruwa ya fara ɗaukewa Yaya ta kira gayya. Matasan coci da na kasuwa suka buga tubali a filin bayan gidanta, wani kafinta ya ba da hannunsa kyauta, aka tattaro tsofaffin kwanon rufi gida-gida. Ɗakunan ba su da kyan gani, amma kowanne yana da ƙofa da sakata. Baba Audu ya samu na ƙarshen layi. Shekara guda ya yi a ciki kafin ya rasu, kuma ya sha gaya mini cewa abin da ya fi yi masa daɗi shi ne a ƙwanƙwasa masa kafin a shigo.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Kafanchan ta yau. Na san cutar da ta cinye citta a gonakinmu za ta sa ta kuka, don ta ga yadda wannan saiwa ta rufe gidaje da kwano ta kai yara jami'a. Za ta yi mamakin masu rasa wurin kwana na yanzu, domin ba duka ne 'yan gudun hijira ba. Akwai wanda kuɗin haya ya kora, akwai tsohuwar da ta dawo daga Sabon Tasha, can birni, bayan ɗanta ya rasu, ta tarar an sayar da gidan gado. Za ta ji daɗin yadda matasa suke haɗa kai ta waya, kafin la'asar an samu katifa da wanda zai ba da ɗaki. Amma na tabbata da ta ga ana ɗaukar hoton mai karɓar abinci don a watsa, da ta ƙwace wayar. Ba ta taɓa yarda a tsayar da mai yunwa a layi ana kallonsa ba.

Hannatu ce ke riƙe da tukunyar Asabar yanzu, da furfurarta da tsawarta. Halima ta gano mijinta da rai, suna zaune wajen Kasuwan Magani, kuma ta zo jana'izar Yaya ta zauna cikin matan zumunta daga farko har ƙarshe. Ɗakunan suna nan, an yi musu siminti, masu shiga suna shiga, masu samun ƙafa suna fita.

Ba a sa sunan Yaya a jikin wani gini ba, kuma yawancin masu aikin yau ba su san fuskarta ba. A farkon daminar bana iska ta yaye rufin wani mai walda a unguwarmu. Kafin labari ya iso ni, maƙwabta sun riga sun raba iyalin a tsakaninsu, maza suna kan katanga da guduma. Na tarar da wata amarya, baƙuwa a garin, tana jan katifa daga ɗakinta zuwa gidan da yaran suka sauka. Na tambaye ta wa ya ce ta yi haka. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Baba, ai haka ake yi a unguwar nan," ta ce, ta ci gaba da jan katifarta.

Na kama mata gefe ɗaya muka ƙarasa tare.