Muryar Ƙanena a Hannun Wasu

Shekara takwas ke nan da muka kai Nasiru makwancinsa a nan Kontagora. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na fara kai shi makarantar boko a bayan kekena. Ya rasu yana dab da kammala digirinsa na biyu a fannin siyasar ƙasa da ƙasa, bayan jinyar ciwon hanta da ba ta daɗe ba. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta. Duk shekara idan wannan wata ya kama, abokan karatunsa sukan cika waya da hotunansa da yabo, ni kuwa ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai abin da ya daɗe yana cina, kuma ba zan saka masa wani suna ba. Kishi ne.

Ni Sale, hatsi nake saye a Kasuwan Garba da Sahon Rami in kawo gari. Na yi sakandare, ina karanta jarida, kuma duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya hutawa. Nasiru shi ne mai shiru a gidanmu, amma shirunsa ba ya aiki a kaina. Ko yarinya ya gani yana so, ni zai fara gaya wa, in yi ta tsokanarsa har ya bar mini ɗakin.

A shekararsa ta ƙarshe a jami'a, farfesan da ke duba aikinsu ya raba ɗalibai rukuni-rukuni. Kowane rukuni bincike guda zai yi, maki ɗaya za a ba kowa, in an ci a ci tare, in an faɗi a faɗi tare. Aka haɗa Nasiru da mutum uku: Rifkatu, 'yar Tungan Magajiya, da Ndagi, wani Banufe mai yawan dariya, da Tunde, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Aikinsu shi ne su gano yadda makamai ke tsallako iyakokin ƙasashe su iso dazukanmu, da yadda ƙauyuka ke lallaɓa zamansu da 'yan bindiga idan hukuma ta yi nisa. Tun da Nasiru ne ɗan gari, shi ke yi wa mutane tambayoyi, saura su riƙe rikoda su rubuta.

A gidana suka sauka. Ni na share musu zaure, iyalina ta dafa musu, ni na nuna musu direban da za su amince da shi. Su fita da safe, su dawo da la'asar, su baje a zaure da kwamfuta suna sauraron abin da suka ɗauko suna kwafewa. Da na yi sallama sai hannun Ndagi ya kai kan na'urar ya kashe, kowa ya ɗago kai yana murmushi, ana jira in fita. A gidana fa! Ran da abin ya ishe ni na ce, "To, ni ne ɗan leƙen asirin ke nan?" Nasiru ya ce, "Haba Yaya, ka yi haƙuri, aiki ne." Na fita, ina jin dariyarsu ta ci gaba a bayana, da Turancin da nake tsintar rabinsa.

Suna da sunan da suke kiransa da shi, wai Sakatare Janar, kuma har yau ba wanda ya gaya mini asalinsa. A rubuce-rubucensu na duk shekara nake jin cewa yana rera waƙa a mota, cewa shi ke sasanta Rifkatu da Tunde idan gardama ta yi zafi, cewa ya taɓa tsayawa ya ja da Farfesa a gaban aji. Nasiru? Yaron da ko cinikin takalmi sai na yi masa? Ina karantawa ina jin kamar an ba ni tuwo an hana ni miya. Watanninsa na ƙarshe masu lafiya, su suka same su. Ni abin da ya rage mini shi ne zaman asibiti.

Ba zan ci haƙƙinsu ba. Sun zo ta'aziyya, sun zauna har sadakar uku. Rifkatu, duk da ba addininmu ɗaya ba, ta shiga cikin mata ta yi ta hidima, ta yi kukan da har baƙi suka riƙa tambaya ko 'yar gidan ce. Suka ƙarasa aikin, suka sa sunansa a farko. Na gode musu a lokacin, ina kuma gode musu yanzu.

Sai da aka ɗan kwana biyu na lura muryarsa tana ɓace mini. Fuska akwai hoto. Amma in na rufe ido ina so in ji yadda yake cewa "Yaya", sai in ji tawa muryar. A wancan lokacin ba mu saba tura wa juna saƙon murya ba, kira kawai muke yi, in an kashe waya shi ke nan. Sai na tuna cewa akwai inda Nasiru ke magana, yana gaisuwa, yana tambaya, yana dariya, a kulle a ofishin Farfesa. Na sa babbar rigata na hau mota na tafi.

Farfesa ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Malam Sale, wallahi na ji maka. Amma mutanen da ke cikin hirarrakin nan an yi musu alkawari cewa ba wanda zai ji sai masu binciken. Akwai wanda in aka gane muryarsa, ba zai kwana da rai ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ruwana da su, a yanko mini ta ƙanena kawai." Ya ce a cikin tambayoyin nasa ai akwai sunayen mutane da na garuruwa. Na miƙe ko shayin da aka kawo ban taɓa ba. A hanya ina ta faɗa wa kaina: Tunde da ba ya jin Hausa yana da ikon sauraron Nasiru duk ran da ya ga dama, ni da na yi masa wankan gawa ba ni da shi.

Ina yawan tambayar kaina me Nasiru zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa mai rikoda ne, mutum ya yi magana a teburin mai shayi, kafin ya isa gida ta riga shi isa daji. Hanyar da suka bi su huɗu suna waƙa, yau direba sai ya yi ta waya yana tambayar ko lafiya kafin ya shiga. Na san manomin da aka je har gida aka ɗauke saboda kalma ɗaya da aka ce ya faɗa. Ina jin Nasiru ba zai yi mamaki ba, don abin da suka rubuta ke nan tun ba a kai nan ba. Ni ma yanzu na fahimci Farfesa sarai. Sai dai fahimta daban, abin da zuciya ke so daban. Rifkatu ta zama Dakta tana koyarwa, Tunde yana ƙasar waje, Ndagi ya yi tumbi a wani ofis a Abuja, kuma duk sanda na ga ɗayansu abin da ke fara zo mini shi ne: wannan ya san muryar da ni na manta.

A watan jiya Rifkatu ta zo gidana. Bayan ta gaisa da iyali ta same ni a zaure, ta ce Farfesa zai yi ritaya, kuma shi da su ukun sun yi shawara za a goge hirarrakin gaba ɗaya, kada su faɗa hannun da bai kamata ba. Na ce, "Madalla. Kun ci kun ƙoshi, yanzu za ku zubar da saura."

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Yaya, akwai abin da ba mu taɓa gaya maka ba. Ran da muka fara zuwa Kasuwan Garba, ba wanda ya yarda ya yi magana. Wani tsoho ya ce wa Nasiru, kai ba ƙanen Sale mai hatsi ba ne? Ai gobe duk kasuwa ta ji. Shi ne Nasiru ya ce, Baba, na yi maka alkawari, ko Yaya Sale ba zai ji wannan ba. Tsohon ya yi dariya ya buɗe baki. Daga ranar, da wannan maganar yake buɗe kowace hira."

Ta ciro wayarta ta ce ta roƙi Farfesa ya bar ta ta yanko wannan jimlar kaɗai, tun da babu sunan kowa a ciki sai nawa. Ya yarda da kyar, da sharaɗin in na ji a goge. Ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu, ta ce in taɓa nan kawai.

Na daɗe ina kallon wayar nan. Abin da na yi shekaru ina nema ga shi a gabana, yana ma kiran sunana. Amma ƙanena ya zauna gaban mutanen da ke tsoron mutuwa ya ce musu ni ba zan ji ba, suka yarda da shi. In na taɓa, na mai da shi maƙaryaci, kuma ba ya nan balle ya ba su haƙuri. Na tura mata wayar na ce, "Goge, Rifkatu." Ta ce, "Ka tabbata, Yaya?" Na ce ta yi sauri kafin in canza ra'ayi. Ta goge a gabana tana hawaye.

Da za ta tafi na raka ta bakin ƙofa, na kasa daurewa na ce, "Yaya yake faɗa? Da faɗa-faɗa ko da wasa?" Ta ce, "Da dariya yake faɗa, kamar mai alfahari da kai."

To, me ya rage na Nasiru? Akwai littafin binciken, wanda ɗalibai ke karantawa, ni kuwa ban taɓa wuce shafin sunansa ba. Akwai mutanen da suka yi magana da shi, waɗanda nake ciniki da su ban san ko su wane ne ba, kuma a iya sanina ba wanda aka taɓa saboda abin da ya gaya masa. Alkawarinsa ya fi shi tsawon rai, kuma ni ma na sa hannu wajen cika shi. Amma kada mai karatu ya ɗauka na warke. Rifkatu ta gaya mini cewa kafin ta zo, sai da ta saurari jimlar don ta tabbatar ta yanku daidai. Ita ce ta ƙarshe da ta ji ƙanena ya kira sunana, kuma Allah ya sani, kishinta nake yi.