Ranar da Aka Kai Tabawa Mai Wankan Gawa Sinima

Duk macen da ta mutu a unguwarsu a Agadas, daga jaririyar kwana bakwai har tsohuwar da haƙora suka gudu suka bari, hannun Tabawa ne na ƙarshe da ya taɓa ta. Shekara talatin tana wankan gawa. Wurin gwaggonta ta gaji aikin, ta gaji har da rashin fara'ar. Ba tsawo gare ta ba, ba jiki ba, amma ita kaɗai take juya macen da ƙarti huɗu za su yi nishi da makararta. Kayan aikinta ba su cika ƙwarya ba: ganyen magarya, ɗan kafur, tsumman naɗe hannu, da tsinken tsefe kitso.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar mata, Kadidia. Shekara uku da sauke tutar Faransa, Kadidia ta shiga kamyo, babbar motar kaya, za ta Damagaram wurin mijinta. Zazzaɓi ya kama ta a hanya, kafin su kai Aderbissinat rai ya yi halinsa. Babu wata mace ko ɗaya cikin motar. Mazan suka yi abin da malamai suka ce a yi in haka ta faru: suka buga hannu a rairayi, suka yi mata taimama iyakar wuyan hannu, suka rufe ta da kayan jikinta a gindin wata ƙaya. Shofer ɗin motar ne ya kawo labarin bayan kwana tara, tare da ƙullin kayanta.

Tabawa ta karɓi ƙullin, ta yi masa sannu da hanya, ta sa aka ba shi ruwa. Ba ta yi kuka ba. Mata suka cika gida suna jiran ta fara su taya ta, har suka gaji suka yi nasu suka tafi. Liman ya zo ya ce taimama ta wadatar. Ta ce ta sani, ai ba yau ta shiga aikin ba. Sai ta kife ƙwaryarta ƙarƙashin gado, kuma tun daga ranar duk wanda ya zo kiranta amsa ɗaya ce: "Ku nemi wata." Ba da faɗa ba. Kamar an zo roƙon gishiri ta ce babu.

Wata bakwai ana haka. Aikin ya faɗa kan Ramatou, matar wani mai ɗinkin takalma, yarinya mai zuciyar kirki da hannun rawa. Ita ce ta taɓa sa wa wata tsohuwa likkafani da awarwaro a hannu. Tsofaffin unguwa suka koma addu'a Allah ya jinkirta musu har Tabawa ta dawo.

A cikin wannan shekarar ce Inoussa, tsohon soja, ya dawo daga Yamai da mashin ɗin sinima. Ya kama wata mangaza, ɗakin ajiyar fatu, kusa da kasuwar raƙuma, ya toshe tagogi da tabarmi, ya rataya farin ƙyalle. Bayan azahar ta mata ce, bayan la'asar ta maza. Finafinan da ya samu araha duk na ban tsoro ne, waɗanda mutanen Yamai suka ƙoshi da su.

Nan gari ya rabu. Habsatu mai ƙosai, maƙwabciyar Tabawa, in ba ta yi ihu har murya ta dushe ba, cewa take an cuce ta. Rufe fuska take da mayafi, ta bar ido ɗaya a waje. Fatouma mai saƙar tabarma kuwa raina masu haƙora da jini take. Ita fim ɗin da ƙofa ke buɗe kanta ba a ga kowa ba, shi ke shigarta, domin a cewarta aljanin da ya yarda aka gan shi ƙaramin aljani ne. Nomau mahauci ya shiga sau ɗaya ya fito yana tsaki, ya ce wanda ya haɗa jinin nan bai taɓa yanka ko zakara ba. Masu cewa haramun ne su ma sun kasu biyu, akwai masu faɗa daga gida, akwai masu faɗa a layin gaba.

Habsatu ce ta ƙulla shawarar. Ta ce baƙin cikin da ya daskare kamar shaƙuwa yake, sai an firgita mutum yake tafiya.

"Yaya, tashi mu je. Yau akwai wadda gawa ke tashi."

"Ta tashi ta je ina?"

"Ke dai zo ki gani. In ba ki yi fitsari a zane ba, na bar suyar ƙosai."

Tabawa ta tashi don ƙin ya fi zuwan wahala. Kuma can ƙasan ranta tana son ta sani, shin akwai sauran abin da ke motsi a ƙirjin nan, ko an rufe shi tare da Kadidia a gindin ƙaya.

Mangazar duhu, ga zafi, ga warin fata. Mashin ya fara kuka. Wata Baturiya ta mutu a kan ƙyallen. Aka ɗauke ta yadda take, da riga da takalma da jan baki, aka sa cikin akwati aka rufe.

"Shi ke nan?" in ji Tabawa, da muryar da take magana a tsakar gida. "Ko haɓa ba a ɗaure mata ba?"

"Shhh, Inna!"

"Wannan ma ba ta mutu ba. Ku dubi wuyanta, numfashi take."

Can murfin akwati ya ɗaga, farin hannu ya fito. Mangaza ta ɗauki ihu. Habsatu ta danƙe cinyar Tabawa har farce ya shiga. Ramatou, wadda ke zaune gabansu, ta kifa kai a gwiwa tana salati. Baturiyar ta taka har ƙofar gidansu tana bugawa, uwarta na ciki ta jingina baya da ƙyaure tana kuka, ta ƙi buɗewa.

 Nan Tabawa ta saurari cikinta, kamar wadda ta jefa tsakuwa rijiya tana jiran ƙarar ruwa. Ta jira. Ba ta ji komai ba.

"A buɗe mata mana," ta ce. "Wanka ta zo nema."

Inoussa ya yi dariya daga bayan mashin. "Inna, jini ta zo sha!"

"Kai da ka je yaƙi, ka taɓa ganin gawa mai ƙishirwa?"

Da suka fito rana ta kashe musu ido. Fatouma na cewa da ba a nuna fuskar ba da ya fi, Habsatu na cewa ai fuskar ce kuɗin. Sai ta juyo tana leƙen idon Tabawa.

"Yaya, ko ɗan ɗar ba ki ji ba?"

"Na ji warin fata."

Ta koma gida ta zauna inda take zama.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, uwar Fatouma ta cika. Tabawa ta je gaisuwa kamar kowa, ta sami gefe ta zauna, ta miƙe ƙafa. Maza na waje da makara, an gama haƙa, rana na hawa, kuma rana irin ta Agadas ba ta jiran mai rai balle gawa. An aika kiran Ramatou sau uku. Da ta zo, ta shiga bayan zana inda aka shimfiɗe tsohuwar, ba a yi ƙiftawar ido ba ta fito da gudu, buta na gangarawa bayanta.

"Bakinta a buɗe yake! Wallahi irin na waccan! Ba zan iya ba, ku yafe mini!"

Aka dubi matan da ke zaune. Rabinsu sun je mangazar Inoussa. Kowace ta sami abin dubawa a tafin ƙafarta. Fatouma, mai raina abin da ake gani da ido, tana tsaye bakin zana, ta kasa ɗaga labulen uwarta. Daga zaure wani dattijo ya ɗaga murya ya ce lokaci na tafiya, in babu mai iyawa a yi mata taimama kawai.

Tabawa ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Gwiwarta ce ta yi ƙara ta sanar da ita.

"Ga mata cike da gida kamar tumaki a kasuwa, ga rijiya a ƙofa, a ce taimama? Ke Habsatu, ƙwaryata na ƙarƙashin gado. Ke kuma," ta nuna Ramatou, "share majinar nan ki biyo ni. Baki buɗewa yake in ba a ɗaure ba, naki ma haka zai yi."

Ta shiga. Ta yage bakin zane ta ɗaure haɓar, ta naɗe hannu, ta yi wa tsohuwar alwala, ta fara ta dama. Ta tsefe furfurar, in an gama a kitsa gida uku. Ramatou na zuba ruwa, rabi a gawa rabi a ƙasa. Hannun Tabawa bai manta komai ba, shi ke tafiya, ita tana binsa. Ta yi zaton in ruwan magarya ya sauka a fatar mutum wani abu zai fashe mata a ƙirji. Bai fashe ba. Ruwa ne, fata ce, aiki ne.

Habsatu ta turo kai ta gefen zana, tana raɗa.

"Yaya, kukan ya zo?"

"Matsa, kin tare mini haske," in ji Tabawa. "Ki ce a ƙaro ruwa, saura hagu."